Soket a Matsayin Fayil: Wata Matsala a Fassarar Kalmomin Kwamfuta

Duk wanda ya nemi soket a kasuwar Gwagwalada, abin jona wutar lantarki za a miƙo masa. A wajen masu tsara manhajar kwamfuta kuwa, kalmar tana nufin ƙofar da manhaja ke bi ta aika wa wata kwamfuta saƙo ko ta karɓa. Wannan maƙala ta dubi dangantakar wannan ƙofa da fayil, domin mai fassarar da bai fahimce ta ba yana iya ɗora wa soket aikatau da bai dace ba.

A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a 1969, duk fayil ɗin da manhaja ta buɗe ana ba shi lamba, da ita ake kiransa. Da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka shigo da soket a 1983, sai suka ba shi irin wannan lamba. Ke nan umarnin karantawa da rubutawa da rufewa, waɗanda ake amfani da su a kan fayil, su ne dai ke aiki a kansa. Saboda haka "karanta daga soket" ita ce fassarar da ta dace, ko da ta yi wa kunne baƙunta. "Saurara" ba za ta maye gurbinta ba, domin a fannin tana da nata aiki, wato jiran mai neman haɗi.

Sai dai kamannin yana da iyaka. Fayil kamar littafi yake, ana komawa shafin baya a sake dubawa. Soket kuwa ya fi kama da Kogin Usuma: abin da ya wuce ba ya dawowa, kuma mai ɗiba yakan samu ƙasa da abin da ya nema, sai ya sake zura ƙwarya.