Jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati: Abin da mai nema ya kamata ya sani tun kafin a buɗe shafi

A duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin cewa wata hukumar gwamnatin tarayya za ta ɗebi ma'aikata, shagunan kwamfuta na Gidan Dare da sauran unguwannin birnin Sakkwato sukan cika maƙil da matasa, kowa da ambulan ɗin takardunsa a hammata. Wani ya gama sakandare, wani yana da difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wani kuma ya ɗauko digiri daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har ya yi hidimar ƙasa. Da yawansu suna ɗauka cewa cike fom shi ne aikin. Alhali fom ƙofar farko ce kawai, akwai wasu ƙofofin a gaba, kuma kowacce tana da abin da take kayar da mutane da shi.

Girman gasar kaɗai ya isa ya sa mutum ya tashi tsaye. A shekarar 2025, lokacin da hukumar CDCFIB, mai kula da ɗaukar ma'aikatan Sibil Difens da Gidajen Gyaran Hali da Kashe Gobara da Shige da Fice, ta tallata gurabe kimanin 30,000, mutanen da suka nema sun haura miliyan 1.9. Ma'ana, kowane gurbi ɗaya yana da masu zawarci sama da 60.

Wa ke ɗaukar wa?

Abu na farko shi ne sanin hukumar da ke da hurumin ɗaukar aikin da kake nema, domin ta nan ne za ka gane sanarwar gaskiya da ta bogi. Kuratan 'yan sanda, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta Ƙasa, wato PSC, ita ke da ikon ɗaukarsu, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Yulin 2023 bayan doguwar taƙaddama tsakaninta da rundunar. Ma'aikatun tarayya kuwa, Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ce ke ɗaukar masu mataki na 07 zuwa sama, su kuma ma'aikatun suna ɗaukar na mataki na 03 zuwa 06 da kansu. Jiha tana da tata hukumar dabam.

Akwai kuma tsarin raba daidai, wanda sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Saboda shi ne ake raba gurabe tsakanin jihohi 36 da Abuja, a wasu lokutan har zuwa ƙananan hukumomi 774. Don haka ɗan Sakkwato ta Arewa ko Wamakko ko Kware, galibi da 'yan jiharsa yake takara, kuma takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma tana da nauyi ƙwarai. Wanda yake zaune a Gidan Dare amma asalinsa Argungu ne ko Talatar Mafara, a gurbin Kebbi ko Zamfara zai nema, kuma mai yiwuwa can za a tura shi tantancewa.

Takardu kafin karatu

Mutane da dama suna cin jarrabawa su faɗi a teburin tantancewa, saboda abin da za a iya gyarawa tun watanni kafin nan. Babban abin da ke jawo haka shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. A takardar firamare mutum Muhammadu ne, a ta WAEC Mohammed, a rajistar NIN kuma Muhammad, ga shi an juya sunan uba ya koma gaba. Jami'in da ke da ɗaruruwan mutane a layi ba shi da lokacin sauraren bayani. Gyaran bayanan NIN a hukumar NIMC yana ɗaukar lokaci, saboda haka tun yanzu ya kamata ka baza takardunka a tabarma ka gwada su ɗaya bayan ɗaya: takardar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, shaidar firamare, sakamakon sakandare, shaidar ƙaramar hukuma da katin NIN.

Sannan ka auna kanka da sharuɗɗan. Ga misali, abin da aka saba nema ga kurtun ɗan sanda shi ne shekara 18 zuwa 25, da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi a zama da bai wuce biyu ba, a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace mita 1.64, faɗin ƙirjin namiji kuma santimita 86 idan ya shaƙi numfashi. Mace ba za ta kasance da juna biyu ba a lokacin ɗaukar. Kowace hukuma da nata ma'auni, kuma yakan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar bana ita ce abin dogaro. Wanda kiredit ɗinsa na Lissafi bai cika ba, gara ya kashe kuɗinsa a rajistar jarrabawar masu zaman kansu ya cike giɓin, da ya riƙa zuba su a kafe kowace shekara.

Me ake tambaya?

Jarrabawar matakin farko ba ta cika wuce fanni uku ba: Turanci, Lissafi da sanin al'amuran yau da kullum. Tambayoyin na canki-canka ne, amsa huɗu a ƙarƙashin kowacce, kuma zurfinsu bai wuce na sakandare ba. Wahalar tana cikin ƙarancin lokaci. Idan aka ba ka tambaya 60 cikin minti 45, kowacce tana da daƙiƙa 45 ke nan, har da karanta ta.

A Turanci, a mayar da hankali ga karanta gajeren labari da amsa tambayoyi a kansa, da kalmomi masu ma'ana ɗaya ko kishiyoyin juna, da cike gurbi a jimla. Dabara mai amfani ita ce ka fara karanta tambayoyin kafin labarin, don ka san abin da kake farauta. Karanta shafi guda na jaridar Turanci kullum, tare da rubuta baƙin kalmomi biyar a littafi, ya fi hardace ƙamus a daren jarrabawa.

A Lissafi, abin da ya fi yawa shi ne kaso cikin ɗari, da rabo, da riba da faɗuwa, da matsakaicin adadi. Duk wanda ya taɓa tsaron shago ya san su, sai dai da Hausa ya san su. Buhun da aka saya N8,000 aka sayar N9,200, ribarsa N1,200 ce, wato kashi 15 cikin ɗari. Idan aka ce a raba N45,000 bisa 2:3:4, sai ka tara kason ya ba ka 9, kowane kaso N5,000, rabon ya zama N10,000 da N15,000 da N20,000. Aikin da ke gabanka shi ne ka saba da Turancin da ake yin tambayar da shi, kuma ka riƙa lissafin da ka, ba tare da kalkuleta ba.

Fannin al'amuran yau da kullum shi ne inda littattafan tsoffin tambayoyi da ake sayarwa a bakin titi suke yaudarar mutane. Abin da ba ya sauyawa ka riƙe shi da kyau: an haɗe Kudu da Arewa a 1914, an samu 'yancin kai a 1960, ƙasar ta zama jamhuriya a 1963, sanatoci 109 ne, 'yan Majalisar Wakilai 360. An ƙirƙiri Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kebbi daga cikinta a 1991, Zamfara a 1996, yanzu tana da ƙananan hukumomi 23. Amma sunayen ministoci da shugabannin hukumomi suna sauyawa. Littafin da aka buga kafin 2019 bai san an sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta Gyaran Hali ba, wanda aka buga kafin Mayun 2024 kuma bai san an koma tsohon taken ƙasa ba. Ka san tarihin hukumar da kake nema, da aikinta, da ma'aikatar da take ƙarƙashinta, da sunan shugabanta na yanzu.

Sabo da kwamfuta

Yanzu kusan duk waɗannan jarrabawoyi da kwamfuta ake yin su, sau da yawa a cibiyoyin da hukumar JAMB ta amince da su. Iya latsa waya bai wadatar ba. A tsarin JAMB, haruffa takwas sun isa: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ta zuwa tambaya ta gaba, P ta komawa baya, S ta miƙa jarrabawa, R ta fasa miƙawar. Awa biyu ko uku a kafe, kana gwaji da agogo a gabanka, za su cire maka rawar hannu. Idan kuma hukumar ta ce kowa ya rubuta ta intanet daga inda yake, sai a tanadi na'ura mai cikakken caji, da isasshiyar data, da wurin da sabis ba ya yankewa.

Karanta umarni ma wani ɓangare ne na jarrabawar. A watan Mayun 2018, masu neman aikin ɗan sanda sun tarar da wasu darussa a kwamfutocinsu, har da Larabci, abin da ya tayar da ƙura a ƙasar. JAMB ta bayyana cewa tambayoyin Turanci kaɗai aka umarci a amsa, sauran an saka su ne don manhajarta an gina ta a kan darasi huɗu. Wanda bai saurari umarnin ba, ya ɓata lokacinsa a abin da ba za a duba ba.

Hattara da 'yan damfara

Ranar 15 ga Maris, 2014, aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsitsin jarrabawar Hukumar Shige da Fice a Abuja da wasu garuruwa. Sama da mutum rabin miliyan ne suka biya N1,000 kowannensu don neman gurabe 4,556. A yau hukumomin nan suna nanata cewa neman aikinsu kyauta ne. Adireshin shafinsu na gaskiya yana ƙarewa da .gov.ng, kuma ba sa karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Duk wanda ya ce maka yana da gurbi a hannu, a kawo dubu ɗari biyar, ka sani a irin wannan ciniki iyaye suka sha sayar da gona da bisashe, suka tashi da takardar kama aiki ta jabu. A kafe kuma, ka tabbata lambar wayarka da imel ɗinka aka saka, ka karanta fom ɗin da idonka kafin a tura, ka fitar da takardar shaida ka adana.

Gaskiya ne ana kokawa da cewa wasu guraben suna tafiya ta hannun masu uwa a gindin murhu, kuma koken yana da tushe. Sai dai wannan ba dalilin zama ba ne, domin sunan da ba ya cikin jerin waɗanda suka ci jarrabawa, ko an tashi yin adalci ba za a kai gare shi ba.

Bayan jarrabawa akwai gwajin ƙarfin jiki da na lafiya, wanda yakan haɗa da binciken shan ƙwayoyi. Gudun safe bayan sallar Asuba, kafin ranar Sakkwato ta buɗe, yana cikin shirin. Ranar jarrabawa kuwa, ka gano cibiyarka tun jajibiri, ka fito da takardar gayyata da katin shaida, ka isa da wuri. Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: wanda yake son shiga ɗibar gaba, makon nan ya kamata ya fara da duba takardunsa.