Gasket, Katangar Cikin Inji

Kowa a cikinmu ya taɓa ganin motar kasuwa tsaye a bakin hanya, an buɗe gabanta, tururi yana tashi. Fasinjoji sun koma gindin itace, kwandunan tumatir suna shan rana. In ka tambayi yaron mota abin da ya faru, sai ya ce, "Gasket ya ƙone." To, mene ne gasket ɗin nan da ya ke hana mu cin kasuwa? A kansa za mu yi karatu yau.

Mene ne gasket?

Injin mota kashi biyu ne manya. Akwai gangar jiki a ƙasa, akwai kai a bisa, kamar tukunya da murfinta. Cikin gangar jikin akwai ramummuka waɗanda a ke kira silinda. Yawancin ƙananan motoci huɗu gare su. A cikinsu mai ya ke kamawa da wuta, ƙarfin wutar ya tura fistan, sa'an nan ƙafafun mota su juya.

Ban da ramummukan nan akwai ƙananan hanyoyi iri biyu. Ta waɗansu ruwa ya ke bi don ya sanyaya inji. Ta waɗansu baƙin mai ya ke bi don kada ƙarafa su ci juna. Hanyoyin nan duka sun ratsa daga gangar jiki zuwa kai.

Gasket ɗan faifai ne marar kauri, an huhhuda shi daidai da ko wane rami. A kan shimfiɗa shi tsakanin gangar jiki da kai, a ɗaure da manyan kusoshi. Aikinsa kamar na katanga ne tsakanin gidaje uku, watau gidan wuta, da gidan ruwa, da gidan mai. Muddin katangar tana tsaye, kowa yana gidansa. Ran da ta tsage kuwa, sai su gauraya. Injin tarakta da babban injin niƙa su ma suna da irinsa.

Me ke ƙone shi?

Babban abokin gabansa zafi ne. Inji mai lafiya ya kan yi aiki da zafi wajen digiri 90. Ruwa kuwa a tukunya ya kan tafasa a digiri 100. Kun ga ke nan tsakani ba nisa. In ruwa ya ƙare a lagireto, ko fambel ya tsinke, ko fanka ta tsaya, nan da nan zafi ya wuce kima. Kan injin motocin yanzu da alminiyam a ke yin yawancinsa. In ya sha zafi sai ya lanƙwashe kaɗan, ya daina danne gasket sosai. Daga nan wuta ta sami ƙofa.

Alamu huɗu

Na ɗaya, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa, ba ya dainawa ko inji ya ɗumama.

Na biyu, ruwan lagireto yana raguwa kullum, amma ba a ga inda ya ke yoyo ba.

Na uku, in an zaro ma'aunin baƙin mai, sai a ga man ya koma kamar shayi da madara.

Na huɗu, in an buɗe lagireto inji yana sanyi, aka ta da mota, sai a ga ruwan yana ta kumfa.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya nemi makanike tun da wuri. Man da ya gauraya da ruwa ba ya tsare ƙarfe. In aka ci gaba da tafiya, inji duka ya kan lalace, gyaran kwana ɗaya ya koma sayen wani inji.

Rigakafi ya fi magani

Ko wace safiya, kafin a ta da mota, a duba ruwa da baƙin mai. A duba fambel da robobin ruwa. A kan hanya direba ya riƙa kallon allurar zafi. In ta hau, ya tsaya ya kashe mota, kada ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba.

Kada a buɗe murfin lagireto inji yana zafi. Ruwan zai yi tsalle ya ƙone fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, gama ƙarfen yana iya tsagewa. A jira ya huce.

Ruwan rafi mai laka yana toshe lagireto. Ruwan waɗansu rijiyoyi kuma ya kan bar farin abu a ciki, irin wanda mu ke gani a gindin butar shayi. Akwai ruwa mai launi da a ke sayarwa musamman don lagireto, yana hana tsatsa. Shi ya fi. Amma guba ne, ga shi da zaƙi, saboda haka a ɓoye shi daga yara da dabbobi.

Yadda a ke sake shi

Gasket ba shi da tsada ƙwarai. Aikin sa shi ne mai yawa, kuma na makanike ne. Duk da haka ya kamata mai mota ya san yadda a ke yi, don ya gane aikin kirki.

Da fari a bar inji ya yi sanyi, a cire wayar batir, a juye ruwa da mai. Sa'an nan a kwance kusoshin kai kaɗan kaɗan, a fara daga gefe a gama a tsakiya. In an ɗaga kai, a kankare ragowar tsohon gasket a hankali, kada a ƙarce ƙarfen.

Ga wurin da masu gaggawa su ke tsallakewa. Lalle a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar kan, a ga ko ya lanƙwashe. In ya lanƙwashe, a kai shi wurin masu injin goge ƙarfe su daidaita shi. In ba haka ba, sabon gasket ma zai ƙone. Sauri ya haifi nawa.

Ba a mai da tsohon gasket. A sa sabo na irin motar, ko wane rami ya hau kan ɗan'uwansa. Wajen ɗauri a fara daga tsakiya a gama a gefe, a zagaya sau biyu ko uku. Akwai sifana mai ma'auni wadda ta ke nuna ƙarfin ɗauri, da ita a ke yi. Waɗansu motoci ma sai an sa musu sababbin kusoshi. Daga nan a zuba sabon mai da sabon ruwa, a sake matatar mai.

Abu ɗaya ya rage. A binciko abin da ya kawo zafin tun farko, a gyara shi. In an bar shi, za a sake komawa gindin itace.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne gasket ya ke raba su?
2. Faɗi alamu biyu na ƙonewar gasket.
3. Don me ba a buɗe lagireto inji yana zafi?
4. Rubuta abin da direba zai duba ko wace safiya.