Kashin Kaji: Sai Ya Nuna Kafin Ya Zama Taki

Wanda ya tsaya a Gada Biyu cikin Jos da sassafe zai ga motoci shaƙe da kabeji, karas da tumatir sun nufi kasuwar Farin Gada. Bayan kowane kwando akwai manomin da ke lissafin kuɗin taki, musamman tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa buhun takin zamani ya fi ƙarfin aljihun talaka.

Alhali kuwa Jos garin kaji ne. Sanyin Filato yana yi musu daɗi, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da aka kafa tun 1924. Masu lambu a bakin rafin Dilimi sun daɗe suna haɗa kashin kaji da tokar bola. Matsalar ita ce ɗanyen kashi. Yana fitar da iskar amoniya, wannan warin da ke sa ido hawaye a ɗakin kaji, kuma yakan ƙone saiwar shuka. Ga ƙwayoyin cuta irin su salmonela, waɗanda kan iya maƙalewa a latas da za a ci ɗanye.

Maganin shi ne a bar shi ya nuna. Ana cakuɗa kashin da garin katako, wanda kasuwar Katako ke fitarwa kullum, ko karan masara da aka sassara, ko ƙaiƙayi. A yayyafa ruwa har idan ka damƙi tsibin ya dunƙule ba tare da ya ɗiga ba. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa kan haura digiri 55, zafin da ke kashe cuta da irin ciyawa. Ka cusa hannu, ba ka iya daɗewa. Ana juya shi a kai a kai na makonni, har ya yi baƙi, ya koma ƙamshin ƙasar damina.

Sai a niƙa, a tankaɗe, a zuba a wani babban faranti mai juyawa a karkace, ana fesa ruwa kaɗan-kaɗan. Garin yana birgima yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya, kamar yadda ake murza gari a ƙwarya a yi dambu. A shanya, a sa a buhu.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Injin dunƙulawa ba ya gyara kashin da bai nuna ba, sai dai ya ɓoye aibinsa. Kuma a faɗa wa manomi gaskiya: takin zamani na 15-15-15 kashi 15 cikin ɗari na naitirojin yake ɗauke da shi, na kaji kuwa da ƙyar ya wuce kashi 4, don haka buhu ɗaya ba ya maye gurbin buhu ɗaya. Amfanin takin kaji a jikin ƙasa yake: tana laushi, tana riƙe ruwa. Kuma busasshiyar ƙwaya ba ta wari, iska ba ta kwashe ta, ana iya loda ta a Gada Biyu a kai wa mai dankalin turawa a Bokkos.