Kuɗin Ɗaukar Ɗa a Amurka: Wa Ake Tallafa Wa?

A Amurka, ma'auratan da Allah bai ba su haihuwa ba, idan suka yanke shawarar ɗaukar jariri ya zama ɗansu a gaban shari'a, kafin su kai ga zancen suna ko kayan goyo sai sun zauna sun buga lissafi. Cibiyar bayanai kan jin daɗin yara ta gwamnatin tarayyar ƙasar ta ƙiyasta cewa wanda ya bi ta hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu zai kashe tsakanin dala 30,000 da 60,000. Wanda ya bi ta hannun lauya kai tsaye, dala 25,000 zuwa 45,000. Mai son ɗauko yaro daga wata ƙasa kuwa, dala 20,000 zuwa 50,000. Ko a can ɗin, wannan ya kai abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a shekara guda, wani lokaci har ya ɗara.

Doka ta haramta sayar da yaro, don haka ba wanda zai ce maka kuɗin jariri kake biya. Sai dai a yi ta jero maka hidimomi. Akwai kuɗin binciken gida, inda jami'in jin daɗin jama'a zai zo ya duba ɗakuna, ya bi diddigin albashi da lafiya da ko an taɓa kama mutum da laifi. Akwai ladan lauyoyi da kuɗin kotu. Akwai kuɗin tallar da ƙungiyar ke yi don nemo mata masu juna biyu da ke tunanin rabuwa da abin da za su haifa, sannan kuɗin asibiti, a jihohi da dama har da hayar ɗaki da cefanen mai cikin sai ta sauka. Ita kuma uwar tana da ikon sauya ra'ayi bayan ta ga ɗanta, kuma abin da aka kashe mata ba kasafai yake dawowa ba.

Babban tallafin da gwamnati ta tanada shi ne rangwamen haraji. Majalisar dokokin ƙasar ta kafa shi a 1996, zamanin Bill Clinton, ya fara aiki a 1997 da dala 5,000 kan kowane yaro. A 2002 ya koma dala 10,000, daga nan ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan yana bin tashin farashi, har ya kai dala 17,280 a 2025. A 2017 wasu 'yan jam'iyyar Republican a majalisar wakilai sun tsame shi daga daftarin dokar haraji, amma ƙungiyoyin addini da masu adawa da zubar da ciki suka yi musu ca, cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi. Abu ne da jam'iyyun biyu ke tinƙaho da shi.

Sai an kusanci yadda yake aiki ake ganin inda gizo ke saƙa. Galibinsa ba kuɗi ake miƙa wa mutum ba. Daga harajin da ake bin sa ake zaftarewa. Wanda harajinsa na shekara ya kai dala dubu ashirin zai ci moriyar rangwamen gaba ɗaya a zama guda. Direban motar makaranta da matarsa mai aikin shago, waɗanda harajin da ake bin su bai taka kara ya karya ba, sai dai su riƙa cin ɗan abin da ya samu, su tura ragowar zuwa shekara mai zuwa, kuma bayan shekara biyar abin da ya saura ya bi ruwa. Ƙari a kan haka, sai an kashe ake nema. Kamar a ce wa mai neman muhalli ne ya je ya gama gininsa tukuna, ya kawo rasit a rage masa. Wanda ke da halin fara ginin shi ke cin gajiyar alherin. Doka ta sa iyaka daga sama, domin a 2025 rangwamen yana fara raguwa ga iyalin da ke samun kimanin dala 259,000 a shekara, ya ƙare baki ɗaya a wajen 299,000. Amma wannan iyaka ita kanta tana nuna irin gidajen da aka yi lissafi da su.

A 2010 da 2011, ƙarƙashin dokar inshorar lafiya ta Obama, an gwada biyan mutane tsabar kuɗin ko da harajinsu bai kai ba. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi suka fito nema, hukumar haraji kuma ta tsorata da zamba, ta tsare fiye da rabin takardun masu nema domin bincike, mutane suka yi watanni suna jira. Aka koma gidan jiya. Sai a dokar haraji ta watan Yulin 2025 aka sake buɗe ƙofar kaɗan: a 2025 har dala 5,000 daga cikin rangwamen ana iya karɓarsa a hannu.

Sauran hanyoyin ba su kai wannan girma ba. Wasu kamfanoni na biya wa ma'aikatansu wani kaso, kuma Dave Thomas, wanda ya kafa gidajen abincin Wendy's, shi kansa ɗan riƙo ne, ya yi shekaru yana zawarcin manyan kamfanoni kan haka. Gidauniyar da ya kafa a 1992 har yau tana fitar da jerin wuraren aikin da suka fi kyautata wa masu ɗaukar ɗa. Soja ana mayar masa da abin da bai wuce dala 2,000 kan yaro guda ba. Akwai ƙungiyoyin agaji irin su Show Hope da Gift of Adoption masu ba da kyautar 'yan dubbai, masu nema kuma sun fi abin rabawa yawa. Abin da ya rage sai bashin banki, ko jinginar da gida, ko kafa asusun neman taimako a GoFundMe, ko coci ta yi wa mutum gidauniya. Ni dai wannan na ƙarshen yana ɗan sosa mini rai: yaro zai girma ya tarar da labarin talaucin mahaifiyarsa a intanet, an baza shi don a tara kuɗin ɗauko shi.

Duk wannan tsada a hanya ɗaya take, hanyar neman jariri sabon haihuwa. Akwai wata hanyar da kusan ba a kashe komai a cikinta. Yaran da hukuma ta raba da iyayensu saboda sakaci ko duka ko shaye-shaye suna zaune a gidajen riƙon wucin gadi, kuma a 2022 sama da 100,000 daga cikinsu suna jiran wanda zai ɗauke su dindindin. Wanda ya ɗauki irin wannan yaro, jiha ke ɗauke masa yawancin ɗawainiyar. Tun dokar 1980 ake biyan alawus na wata-wata ga wanda ya ɗauki yaro mai buƙata ta musamman, kuma ma'anar wannan tana da faɗi: mai naƙasa, ko wanda ya fara girma, ko 'yan uwa biyu uku da ba a son a raba su. Ana haɗa masa da inshorar lafiya ta Medicaid har ya kai shekara 18, a wasu jihohin 21. Rangwamen harajin ma ana ba shi cikakke ko bai kashe ko sisi ba.

A ganina wannan shi ne tallafin da ya amsa sunansa, domin yaron yake bi, ba dillali ba. Yana zuwa a lokacin da ake buƙatarsa, wato shekarun da za a yi ana kai yaro asibiti, ana lallashinsa cikin dare saboda abin da ya gani tun yana ƙarami. Waɗanda suka fi ɗaukar waɗannan yara ba attajirai ba ne. Masu riƙon wucin gadin ne da suka shaƙu da su, da kakanni da gwaggwanni. Ingila ta fi karkata ga wannan tsari. A can ɗaukar yaro ta hannun ƙaramar hukuma kusan kyauta ne, ma'aikaci yana da hutun mako 52, ana biyansa na mako 39, kuma tun 2015 akwai asusun da ke biyan kuɗin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yaran. A 2025 gwamnati ta rage abin da asusun ke ba kowane yaro a shekara daga fam 5,000 zuwa 3,000, iyaye suka yi ta kuka.

To amma me ya sa jama'a ke layi da dala dubu hamsin a hannu alhali ga yara can suna jira? Saboda jarirai ake so, kuma jarirai sun yi ƙaranci. Inda masu nema suka fi abin nema yawa, farashi ke hawa, kuma babu dokar tarayya da ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta caza. Masu sukar tsarin na cewa duk ƙarin da aka yi wa rangwamen haraji yana ba masu shiga tsakani damar ɗaga nasu kuɗin. A 2013 gidan rediyon NPR ya ba da rahoton da ya girgiza mutane, cewa wasu ƙungiyoyi na karɓar kuɗi ƙasa da na farar fata idan jaririn baƙi ne. Amurkawa kuma ba su manta da Georgia Tann ba, matar da ta riƙe gidan yara a Memphis daga shekarun 1920 zuwa 1950, ta sayar da yara kusan 5,000, da yawansu ƙwace su aka yi daga iyaye matalauta.

A ƙetare ma kuɗin ya yi ɓarna. A 2004 Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga wasu ƙasashe. A 2023 ba su kai 1,300 ba. Guatemala ta rufe ƙofa a 2008 bayan an bankaɗo satar jarirai. Habasha ta hana a 2018, Sin ta daina a 2024, a 2025 kuma wani kwamitin bincike na gwamnatin Koriya ta Kudu ya tabbatar cewa an yi shekaru ana ƙirƙiro takardun da ke nuna yara marayu ne alhali iyayensu na raye. Mutanen Chadi ba sai an ba su labari ba: a 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa a Abeshe suna shirin tashi da yara 103 da sunan marayun Darfur, bincike ya nuna mafi yawansu 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi.

Akwai kuma wadda ba a cika sa ta a lissafi ba, wato mahaifiyar. Masaniyar zamantakewa Gretchen Sisson, a littafin da ta fitar a 2024 bayan shekaru tana hira da matan da suka ba da 'ya'yansu, ta nuna cewa rashin kuɗi da rashin madafa ne suka tura mafi yawansu, ba rashin son ɗan ba. A duba lambobin gwamnati kawai. Idan matar ta riƙe ɗanta, rangwamen harajin yara da za ta iya nema a 2025 bai wuce dala 2,200 ba, idan ma samunta ya kai a ba ta shi cikakke. Idan ta miƙa shi ga wasu, su za su iya neman 17,280. Na farkon duk shekara ne, na biyun sau ɗaya, gaskiya ne. Amma a watannin da mace ke yanke wannan hukunci, ba ta da kuɗin haya kuma ba ta da hutun haihuwa mai albashi, domin dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta shi ba, kuɗin yana tsaye ne a ɗaya ɓangaren. Haka su ma yara sama da miliyan 2 da ke hannun kakanni da dangi. Mafi yawansu ba su bi ta hannun hukuma ba, don haka alawus ɗin nan ba ya isa gare su.

Mu a nan ƙasar Hausa matsalarmu ta juya baya ce. Musulunci ya soke tabanni, wato mayar da ɗan wani tamkar ɗan cikinka, tun a kan Zaidu ɗan Harisa: yaro yana riƙe sunan mahaifinsa, ba ya gadon mai riƙonsa sai ta kyauta ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Abin da aka kwaɗaitar shi ne kafala, wadda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin yara ta 1989 ta ambata da sunanta. Riƙo kuwa tsohuwar al'adarmu ce. Ana yaye ɗan fari a kai wa kaka, ana ba gwaggon da ba ta haihu ba 'ya, ɗan'uwa ya rasu a raba 'ya'yansa a gidajen dangi bayan sadakar arba'in. Ba lauya, ba kuɗin dillali. Shiga ba ta da tsada. Zaman ne ke da ita. Kuɗin makaranta, maganin zazzaɓi, kayan ɗaki idan mace ce, duk a wuyan mai riƙo suke, kuma a 'yan shekarun nan da buhun masara ya gagari magidanta, ɗan riƙo ne ake fara ɗora wa talla ko a tura shi almajiranci. Rikicin Boko Haram da ta'addancin 'yan bindiga sun ƙara dubban marayu a kan gidajen da da ma ba su da rara.

Ba sai mun aro hujja daga Washinton ba. A Muwaɗɗa Malik akwai labarin mutumin da ya tsinci jariri ya kawo wa Sayyidina Umar, shi kuma ya bar masa riƙon yaron, ya ɗora ciyarwarsa a kan baitulmali. Wannan shi ne alawus mai bin yaro, ƙarni goma sha uku kafin dokar 1980. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Kano suna taɓukawa, haka ƙungiyoyin unguwa, amma mafi yawan abin da ake gani rabon hatsi ne da azumi da ɗinkin sallah, yaro kuwa kullum yake cin abinci.

Jihar da ta so biyan masu riƙon marayu wani abu duk wata za ta fara cin karo da tambayar da Amurka da Ingila ke kashe maƙudan kuɗi a kanta: wane yaro ne a hannun wa, kuma wa zai riƙa leƙawa ya ga ana kula da shi? Riƙonmu da baki ake yin sa a zaure, ba a rubuta shi a ko'ina. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma jihohin arewa ne suka fi zama a baya.