Dogo da Hankali

Hausawa ba su wahalar da kansu wajen raɗa masa suna ba. Sun dubi wuya, sun dubi tafiya, suka ce wannan ai raƙumi ne, sai dai na dawa. A tafiya kam sun yi gaskiya, domin ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, ya yi rangaji kamar raƙumin Buzaye. A dangi kuwa ya fi kusa da saniya da barewa. Ba shi da tozo, kofatonsa rabe yake gida biyu, kuma ba a taɓa jin wanda ya ɗora masa mangala ya kai gishiri kasuwa ba.

Namiji kan wuce mita 5 a tsaye. Abin da mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun ga ƙwarangwal shi ne, ƙasusuwan wannan wuya guda 7 ne kacal, daidai da na mutum, daidai da na ɓera. Kowane ɗaya ne aka ja shi ya yi tsawo. An ce komai tsawon wuya kai ne bisa, to amma sai jini ya hau can kafin kan ya yi aiki, shi ya sa zuciyarsa ke tura jini da ƙarfin da ya ninka namu kusan sau biyu. Harshensa baƙi-baƙi ne, ya kusa rabin mita, yana zagaye ƙaya ya zare ganye kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Wuri ɗaya ne girman nan ke zubewa: bakin ruwa. Sai ya wage ƙafafun gaba, ya sunkuyo a tsorace, ya kurɓa, ya zabura ya ɗago. Ya san rauninsa, saboda haka yakan yi kwanaki bai je ba, ruwan da ke cikin ganye ya ishe shi.

Mace tana ɗaukar ciki kusan wata 15, a tsaye take haihuwa. Ɗan yakan faɗo daga sama ya bugu da ƙasa, cikin sa'a guda ya miƙe, tsayinsa ya kai na magidanci. Ɗa ɗaya take haifa, sai a ɗauki kamar shekara biyu kafin wani. Dabba mai irin wannan haihuwa, in aka rage ta, ba ta saurin komawa yadda take.

An kuwa rage ta. Irin na Afirka ta Yamma, mai hasken fata fiye da 'yan uwansa na Kenya da Tanzaniya, a da yana yawo tun daga Senegal har gaɓar tafkin Chadi. Wanda masanan Ingila suka fara bayyana irin da shi a 1898, daga wajen Lakwaja aka samo shi. Yau babu irinsa a dazukan Najeriya, babu a Mali, babu a Senegal. Bindiga ta ci rabonta, saboda nama da fata da gashin wutsiya. Gona ta ci daji. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya zo ya ƙarasa, har ragowar da ke wajen Ayoru, kusa da iyakar Mali, suka gangaro kudu neman ganye. A 1996 aka ƙirga su a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Doso, aka samu 49. Su ke nan a duk faɗin duniya. A wannan shekarar ce ma aka tura sojoji su kamo wasu don a yi wa shugabannin ƙasashe maƙwabta kyauta, wasu suka mutu a wajen kamun.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin da suka zaɓa. Kure ba daji ne mai shinge ba, ƙasar noma ce ta Zabarmawa, da Fulani masu kiwo. Da damina raƙuman suna kan tudu, cikin geza da taramniya. Da kaka ta wuce sai su sauko kwarin Dallol Boso, inda gawo yake. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: lokacin da itatuwa ke ado da ganye shi tsirara yake, sai rani ya shigo sannan ya yi kore shar. Manomi na barin sa a gona don gero ya fi kyau a gindinsa, makiyayi na son 'ya'yansa don awaki, ga kuma dogo ya zo ya ɗauki nasa kason daga saman da babu akuyar da za ta kai. A can babu zaki. Maƙwabcinsa ɗaya ne mai iya kashe shi, shi ne mutum.

Ana cewa dogo da hankali dace ne, to wannan an dace. Ba ya bin mutum, ba ya tumurmusa gona irin na giwa, sai ya tsaya ya zuba maka ido ta ƙarƙashin dogon gashin idonsa. Amma kada a mai da shi waliyyi. Yana son wake, yana son mangwaro, kuma harawar da aka ɗora a kan itace don kada dabbobi su kai, an ɗora masa ita ne daidai baki. Wanda ya zo daga birni da kyamara dabba mai kyau yake gani, mai gona kuwa buhun waken da zai sayar ya yi wa 'ya'ya kayan salla yake gani. Doka ta hana kashe shi, hukuncin har da ɗauri, sai dai jami'in gandun daji ba ya kwana a kowace gona. Abin da ya riƙe raƙuman nan, a ganina, haƙurin mutanen ƙauyukan ne, da kuma dabarar waɗanda suka gane cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyoyi suka haƙa rijiyoyi, suka ba mata rancen jari, samari suka zama 'yan rakiyar baƙi, kowanne ya san raƙuman ɗaya bayan ɗaya ta zanen jikinsu, tunda babu biyu masu zane iri ɗaya. Zuwa 2018 adadin ya haura 600.

Yawan ma ya zo da tasa damuwar. Motocin itace na kwasar dajin tudun zuwa murahun Yamai, titin Doso ya ratsa ta tsakiyar makiyayarsu, mota kan buge su. Kuma a lokacin duk irin yana wuri ɗaya, annoba guda ta isa. Don haka a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki 8 a babbar mota, kawunansu a waje, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa gandun Gadabeji da ke arewacin Dakoro a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru kusan 50 ba a ga irinsu ba. A 2022 aka ƙara kai 4, kuma sun fara haihuwa a can.

Ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da ɗan rakiya. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan rakiya ya yanke, raƙuman kuwa ba su daina cin wake ba.

Can arewa da Agadas, a Dabus, akwai dutsen da wasu mutane suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da hamadar ke da ciyawa. Babban ya wuce mita 5, an fitar da zanen fatarsa dalla-dalla. Daga bakin kowanne an ja wani layi ya sauko ƙasa, ya ƙare a kan ɗan ƙaramin mutum. Masana na ta muhawara a kan ma'anarsa. Bahaushe in ya gani, akala zai ce.