Maganin Tsafta Ma Da Awonsa

A gidaje da dama, ranar wankin banɗaki ranar haɗe-haɗe ce. A tsiyaya Hypo ko Jik a bokiti, a barbaɗa omo, a ƙara ruwan wankin masai, wani lokaci har da Izal, sannan a jira wari ya turnuƙe. In ido ya soma yaji, maƙogwaro ya soma ƙaiƙayi, sai a ce ai magani ya kama. Alhali wannan yajin shaida ce cewa maganin ya bar daɓen da aka zuba shi ya wanke, ya koma huhun mai wankin. Kayan tsaftar nan magunguna ne, kowane magani kuwa da awonsa. Duk wanda ya wuce awo, ko ya gauraya abin da ba a gaurayawa, tsaftar da yake nema ta ragu, ya cuci ƙirjinsa, ya kuma aika ragowar cutar zuwa ruwan da jama'a ke amfani da shi.

Dalili a fili yake. Bilic ɗin da ake sayarwa a kwalba ko a leda ruwa ne mai ɗauke da sinadarin kulorin, yawanci kashi 3.5 cikin ɗari. Ruwan wankin masai kuwa galibinsa asid ne, shi ya sa yake cinye dattin da ya kafe a jikin tangaran. Da zarar biyun sun haɗu sai kulorin ya tashi ya zama iska mai guba, irin wadda sojojin Jamus suka saki a fagen yaƙi a Beljiyam a watan Afrilun 1915. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi fiye da ninki biyu, don haka ƙasa take kwantawa, daidai inda fuskar mace take idan ta duƙa tana dirza tayil, daidai kuma tsayin yaron da ya biyo ta bakin ƙofa. A ƙaramin banɗaki mai 'yar taga ɗaya, ba a daɗewa tari zai sarƙe mutum. Haka ma in bilic ya haɗu da amoniya, wadda ake samu a wasu ruwan goge gilashi da kuma tsohon fitsarin da ya kwana, wata iskar ce mai ƙona huhu ke tashi. Ga asara biyu ke nan, domin kulorin ɗin da ya tashi sama shi ne wanda aka sayo don ya kashe ƙwayoyin cuta a ƙasa.

Wata za ta ce, shekara nawa muna haɗawa, wa ya mutu? Gaskiya ne yawancin masu yi tari kawai suke yi su fita su sha iska. Amma abin da ya cece su buɗaɗɗen tsakar gida ne, ga shi ginin yanzu banɗaki a cikin ɗaki ake yin sa, kuma mai asma ko tsoho ba lallai ya samu wannan sa'ar ba. Wani kuma zai ce, lokacin damina da kwalara ke yawo ai gara a tsananta. To a duba yadda ake yi a sansanonin jinyar masu kwalara su kansu. Kashi 0.2 cikin ɗari ake wanke daɓe da gadaje da shi, wato moɗa ɗaya ta bilic ɗin kasuwa a cikin moɗa wajen 16 ta ruwa, na wanke hannu kuwa kashi 0.05 ne kacal. Sai kashi da aman majinyaci ake wa mai ƙarfi. In haka ake aunawa a inda cutar take kwance, me zai sa a kwarara shi tsagwaronsa a kicin? Abin da ke sa ya yi aiki shi ne a fara wanke datti da sabulu a ɗauraye, don datti yana kashe masa ƙarfi, sannan a shafa shi da ruwan sanyi, a bar shi 'yan mintoci, taga a buɗe. Sirkin da ya kwana kuma ya salance, sai a haɗa sabo.

Ajiya ma wani ɓangare ne na awo. Sana'ar haɗa sabulun ruwa ta yaɗu a tsakanin mata, alheri ne babba, amma ta shigo da soda cikin ɗakuna. Soda in an jiƙa ta ba ta da launi, ba ta da wari, in tana cikin gorar lemo ko robar ruwa ba abin da ya raba ta da ruwan sha a idon yaro mai ƙishirwa. Kurɓa ɗaya na iya ƙona hanyar abinci, ta warke a tsuke, yaro ya shekara yana zaryar asibiti kafin ya iya haɗiye tuwo. In tsautsayi ya afka, kada a ɗura masa manja ko a sa masa yatsa don ya yi amai, domin abin da ya ƙona a shiga zai sake ƙonawa a fita. A kuskure masa baki a garzaya asibiti, tare da mazubin abin da ya sha. Tun farko kuwa, kowane ruwa ya zauna a mazubinsa na asali, a can sama ko a kulle.

Abin da aka malalar a tsakar gida ba ya ɓacewa a bakin kwata. A Kano, lambatun unguwanni da yawa a kogin Jakara suke ƙarewa, da ruwansa ake ban ruwan latas da kabeji da alayyafo, ragowar ta gangara madatsar Wasai inda masunta ke kamun kifi. Wasu nau'o'in omo na ɗauke da sinadarin fosfat, wanda taki ne ga gansakuka. In ta yi yawa ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke rayuwa da ita. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi a omon wanki tun 2013. Bilic mai yawa kuma yana kashe ƙananan halittun da ke narkar da ƙazanta a cikin sokawe, sai ramin ya riƙa cika da wuri, mai gida ya biya motar kwasa. Mai musu zai nuna masana'antun Bompai da majemun Sharaɗa da Challawa ya ce ga masu laifi can. Laifinsu babba ne, kuma hukuma ce ya kamata ta taka musu birki. Sai dai gida ɗaya ba shi kaɗai yake wanki ba, gidaje dubbai ne kullum safiya, ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido. Ledojin bilic da na omo da ake yarwa su ma suna cikin sharar da ke toshe magudana, ruwa ya shigo gidaje da damina.

Uzuri ɗaya ne mai ƙarfi: gargaɗin da ke jikin kayan nan da Turanci ake rubuta shi, da ƙananan baƙaƙe, mai amfani da su kuma sau da yawa 'yar aiki ce ko yarinyar da aka aika kanti. Wannan nauyi ne a wuyan kamfanoni da hukumar NAFDAC, su sa a rubuta da Hausa da hotunan da kowa zai gane. Kafin a kai ga haka, duk wanda ya sani a gida shi zai faɗa wa mai riƙe da tsintsiya: ɗaya bayan ɗaya, a ɗauraye a tsakani, a auna, a buɗe taga. Bin wannan ba ya cin ko kwabo, hasali ma ledar da ake ƙararwa a wanki ɗaya sai ta yi wanki uku. Mun tashi muna jin cewa tsafta cikon addini ce, kuma addinin da ya yi umarni da ita shi ne ya hana almubazzaranci da cutar da maƙwabci, ko da maƙwabcin nan mai lambu ne a bakin Jakara da ba a taɓa haɗuwa da shi ba.