YADDA AMURKAWA KE KAMUN KIFIN BAS A ƘARSHEN KAKA

A ƙasar Amurka, idan watan Nuwamba ya kama, ganyen itatuwa ya gama zuba, sanyi kuma ya fara sauka sosai, yawancin masu fatsa su kan naɗe kayansu su ajiye, su ce sai baɗi, wai kifi ya daina cin koto. Amma akwai waɗansu da ba su yarda da wannan magana ba. Su a wurinsu ƙarshen kaka shi ne lokacin da a ke samun manyan kifaye masu ƙiba, ko da ya ke mutum ya kan wuni a cikin ɗari bai kama fiye da uku ko huɗu ba. Mun ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, yadda waɗannan mutane su ke yi, domin dabararsu duka ta dogara ne ga sanin halin ruwa da halin kifi, kuma ko wane ɗan makaranta zai iya fahimtarta in an yi masa bayani.

KIFIN DA A KE NEMA

Kifin da mu ke magana a kansa Amurkawa suna kiransa bas. Asalinsa na kogunan Amurka ta Arewa ne da tafkunanta, kuma kamar giwan ruwa, mafarauci ne, abincinsa ƙananan kifi da kwaɗi da wani ɗan'uwan jatan lande mai zama a ƙarƙashin duwatsu. Iri biyu ne suka fi suna. Akwai mai babban baki, wanda ya fi son ruwa mai ɗumi da ciyawa, akwai kuma mai ƙaramin baki, wanda ya fi son ruwa garai-garai mai sanyi da duwatsu.

Girmansa bai kusanci na giwan ruwa ba. Cikin shekarar 1932 wani manomi mai suna George Perry ya kama mai babban baki a jihar Jojiya, nauyinsa laba 22 da oza 4, watau kilo 10 da 'yan kai. Shekara 77 aka yi ba wanda ya kamo shi, sai a 2009 da Manabu Kurita ya kama irinsa a tafkin Biwa na ƙasar Japan, inda aka kai irin kifin daga Amurka. Mai ƙaramin baki kuwa mafi girma da aka sani shi ne wanda David Hayes ya kama a tafkin Dale Hollow cikin 1955, laba 11 da oza 15. Abin da ya sa a ke sonsa ƙwarai shi ne kokawar da ya ke yi idan ƙugiya ta kama shi.

ABIN DA SANYI KE YI WA RUWA

Kafin mu san inda kifin ya ke tafiya, sai mun san abin da ke samun ruwan da ya ke ciki. A watannin zafi ruwan tafki mai zurfi ya kan rabu hawa uku. Na sama rana tana dafa shi, ya yi ɗumi ya yi sauƙin nauyi. Na ƙasa yana nan da sanyinsa da nauyinsa. Tsakaninsu akwai wani siririn hawa inda zafi ya ke raguwa da sauri. Tun da ya ke na sama da na ƙasa ba su gauraya ba, a tafkuna da yawa ruɓaɓɓen ganye da sauran datti su kan cinye iskar oksijin ta ƙasa, har kifi ya kasa zama a can.

To, da kaka ta shigo, dare ya yi tsawo, sai ruwan sama ya riƙa hucewa. Ruwa kuwa in yana hucewa nauyinsa yana ƙaruwa, har ya kai digiri 4 a ma'aunin Selsiyus, inda ya fi nauyi duka. Saboda haka na sama sai ya nutse, iska kuma ta kaɗa, tafkin duka ya gauraye daga sama har ƙasa. Masu fatsa suna kiran wannan juyawar tafki. Lokacin nan ruwa ya kan yi duhu, wani sa'in har da wari, kifi kuma ya warwatsu, a yi mako guda ko biyu ana fama ba a samun kome. Bayan ruwa ya lafa, oksijin ta kai ko'ina, ba sauran abin da zai hana kifi sauka zurfi. Daga nan ne kamun ƙarshen kaka ya ke farawa.

ABIN DA SANYI KE YI WA KIFI

Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa kamar ɗan Adam ko akuya, zafin jikinsa daidai ya ke da na ruwan da ya ke ciki. In zafin ruwa ya ragu da digiri 10, aikin jikinsa ya kan ragu da wajen rabi. Abincin da bas zai narkar cikin kwana guda a watannin zafi, sai ya yi kwana huɗu ko fiye a cikinsa in ruwa ya sauka zuwa digiri 5. Da zarar ruwa ya yi ƙasa da digiri 10, cinsa ya kan ragu ƙwarai, ba ya kuma yarda ya kori abinci da nisa, don ƙarfin da zai ɓatar ya fi abin da zai samu. Amma fa bai daina ci ba ɗungum. Abin da ya ke jira shi ne abinci mai sauƙin kamu ya biyo ta gaban bakinsa.

Irin wannan abinci kuwa sanyin ne da kansa ke kawo masa. A tafkunan kudancin Amurka akwai wani ƙaramin kifi mai walƙiya kamar azurfa, ana ce masa shad, mai yawo garke-garke. Wani irinsa ba ya jure sanyi ko kaɗan, in ruwa ya sauka wajen digiri 7 sai ya fara magagi, yana karkarwa yana nutsewa a hankali har ya mutu. Bas ya kan tsaya a ƙarƙashin garken yana tsintar masu faɗowa ba tare da wata wahala ba. Da yawa daga dabarun masu fatsa na wannan lokaci kwaikwayon ɗan kifin nan mai magagi ne.

INDA A KE SAMUNSA

Da yawa daga tafkunan da a ke wannan kamu mutum ne ya yi su, watau an datse kogi ne ruwa ya taru, kamar waɗanda hukumar kwarin kogin Tenesi, wadda aka kafa cikin 1933, ta gina. A ƙarƙashin irin wannan ruwa tsohuwar hanyar kogi tana nan, da gaɓarta, da kututturan itatuwa. In sanyi ya yi, bas ya kan bar lungunan da ya yi kiwo a farkon kaka, ya koma bakin tsohuwar hanyar kogin, ko gindin gaɓa mai tsayi, ko tsibin duwatsu. Ya fi son wurin da zurfi da tudu su ke kusa da juna, domin in ya so ya hau ko ya sauka ba sai ya yi doguwar tafiya ba. A manyan tafkunan arewa, kamar tafkin Iri da ke tsakanin Amurka da Kanada, masu ƙaramin baki su kan taru da yawa a zurfin ƙafa 30 ko 40. A can ne cikin watan Nuwamba na 2022 wani mutumin jihar Ohayo ya kama wanda ya haura laba 10.

Wannan taruwa ita ce ta sa mai fatsa ya kan bi wuri goma bai ji ko motsi ba, a na goma sha ɗaya ya tarar da su jingim. A da sai da taswira da dogon sani a ke gano irin wurin nan. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara sayar da wata na'ura ta Lowrance mai aika amo cikin ruwa ta nuna zurfi da kifi, yanzu kuwa akwai masu nuna kifin yana iyo a gaban jirgi ƙuru-ƙuru.

Lokacin fita ma ya kan sake. A watannin zafi da asuba a ke sammako, amma a ƙarshen kaka daga azahar zuwa la'asar ya fi, sa'ad da rana ta ɗan gasa duwatsu da ruwan da ke gefensu. Gaɓar arewa, wadda ke fuskantar kudu, ita ta fi samun rana a ƙasashen can. Ƙarin digiri ɗaya ko biyu ya isa ya sa kifi ya motsa.

KOTO DA HAƘURI

Yawancinsu koton ƙarya su ke amfani da shi. Akwai dunƙulen dalma mai ƙugiya da a ke ɗaura wa gashi ko roba, a jefa shi ya kai ƙasa, a riƙa jansa kaɗan-kaɗan a kan duwatsu. Akwai ɗan ƙarfe mai kama da cokali, a sake shi daidai ƙarƙashin jirgi, a ɗaga shi kamu ɗaya ko biyu a bar shi ya koma yana lilo. Akwai kuma kifin roba da aka auna nauyinsa yadda ba zai nutse ba, ba zai kuma taso ba. A kan fizge shi sau biyu, sa'an nan a tsaya cik, mutum ya ƙirga goma, ko ashirin, wani sa'in har talatin, kafin ya sake taɓa shi. Galibi a cikin tsayawar nan ne kifi ya ke ɗauka.

Ɗaukar kuwa ba ta da ƙarfi. Sau da yawa abin da mutum zai ji kawai shi ne zare ya ɗan yi nauyi kamar ya kama ganye, ko ya ga ya karkata gefe. Don haka a kan sa siririn zare, ido kuma ba ya barin inda ya shiga ruwa. Mai gaggawa, wanda ya saba da jan koto da sauri irin na lokacin zafi, zai ratsa ta tsakiyar garke bai sani ba. A nan dai mai haƙuri shi ke dafa dutse.

HADARI GA MUTUM DA KIFI

Wajibi ne mu faɗi cewa wannan kamu yana cin rayuka. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska wajen sau 25. Wanda ya faɗa ruwa mai digiri 10, a minti na farko numfashinsa zai sarƙe, in kansa yana ƙasa ya shaƙi ruwa. Cikin kamar minti goma hannuwansa za su sandare, ko gwanin iyo ne ba zai iya kama gefen jirgi ba. Shi ya sa tun 2012 jihar Fensilbeniya ta yi doka, daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu duk wanda ke cikin jirgin da bai kai ƙafa 16 ba tilas ya sa rigar hana nutsewa a jikinsa.

Shi ma kifin yana cikin hadari. A cikinsa akwai jakar iska wadda ke daidaita shi a ruwa. A zurfin ƙafa 33 matsin da ke kansa ya ninka na saman ruwa, saboda haka in an fizgo shi da sauri jakar ta kan kumbura, har in an ɗan riƙe shi sa'an nan aka sake shi ya kasa komawa ƙasa. Ga shi kuwa manyan da a ke kamawa yawancinsu mata ne, cikinsu ya riga ya fara tara ƙwan da za su zuba in ɗumi ya dawo. Tun da ya ke sun taru wuri guda, mutane kaɗan masu na'ura suna iya kwashe iyayen baɗi cikin 'yan kwanaki.

Amurkawa sun yi wa abin magani ta hanya biyu. Ta fari doka: ko wace jiha tana sayar da lasin, tana ƙayyade yawan kifin da mutum zai tafi da shi gida a rana da tsawonsa. Tun 1950 kuma gwamnatin tarayya ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, a ke rarraba wa jihohi kuɗin don kula da ruwaye da kifi. Ta biyu al'ada: Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu kamun bas cikin 1968, ya soma a 1972 sa masu gasa su kawo kifi da rai a auna a mai da shi ruwa. Yanzu yawancin bas da a ke kamawa sakinsa a ke yi, masu hankali kuma su kan saki na zurfi nan take kafin jakarsa ta cuce shi.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ruwanmu na nan ba ya yin irin wannan sanyi, amma ka'idar ɗaya ce. Masu kiwon tarwaɗa da karfasa sun san in hunturu ya tsananta a Disamba da Janairu kifi ya kan rage ci, abincin da aka zuba da sanyin safiya ya nutse ya ɓata ruwa. Maganinsa a rage abincin, a kuma jira rana ta ɗaga kafin a zuba.

Muna roƙon malamai su gwada wa yara juyawar tafki a cikin aji. A cika kwalba mai faɗin baki da ruwa mai ɗumi, a ɗebo ruwan randa mai sanyi a sa masa ɗan shuni, a zuba shi sannu a kai. Yara za su ga shuɗin ruwan yana gangarawa ƙasa da kansa, sa'an nan a tambaye su inda kifi zai koma, da dalili.